Labbo Mai Kwalba da Ƙarau ɗin Yalwa

In ka shiga Jega a shekarun da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, ka ce kana neman Labbo, sai a tambaye ka wane Labbo, don garin ba Labbo ɗaya ke gare shi ba. Amma ka ce Labbo Mai Kwalba, ko mai tallan gyaɗa za ta nuna maka hanya. Gidan yana bayan maƙera. Tun daga nesa za ka hango tulin fasassun kwalabe a gindin katanga, koraye gefe guda, jajaye gefe guda, farare gefe guda, kuma kaiton wanda ya cuɗa masa su.

Ɗan ƙauyen Gehuru ne, ɗan manoma gero da albasa. Yana saurayi ya tafi cin rani, ƙafa ta yi ta jansa har Bida, inda ya tarar da masu narkar da kwalba suna yin duwatsun wuya da ake kira tsakiya, da kuma ƙarau, wato awarwaron kwalba da mata ke sawa a hannu. Ya tsaya kallo, kallon nan ya cinye masa shekaru. Zuga kawai aka bar shi yana yi, sai da gashin girarsa ya ƙone ya sake tsirowa kafin maigidan ya yarda ya miƙa masa sandar ƙarfe. Da ya dawo gida, abin da ya zo da shi awartaki ne da sanda da ƙarau ɗaya shuɗi. Ubansa ya dube shi sama da ƙasa, ya ce 'ya'yan mutane sun dawo da keke, nasa ya dawo da sana'ar tsintar kwalba a juji.

Ƙarau ɗin nan shi ne na farko da ya fito daga hannunsa maigidansa bai mayar cikin wuta ba. Da kwalbar wani maganin ciki ya yi shi, mai shuɗi mai zurfi. Bai sayar ba. Yalwa ya kai wa, wata yarinya 'yar Sabiyal mai saurin baki, wadda ta juya shi a rana ta ce ai ya yi mata kaɗan. Ranar da ta tare, da yauƙin kuɓewa aka zura mata shi. Da ta yi haihuwar fari hannu ya cika, ƙarau ya ƙi fita, ita ma ba ta sake neman fitar da shi ba. Kullum da safe in ta zura moɗa cikin randa, sai ya bugi bakin randar ya ce ƙwal. In tana daka ya yi ta ƙara, in ta sauke tukunya ya taɓa murfi. Labbo yakan ce da ɓarauniya ce Yalwa da ba ta ci riba ba, don duk inda ta nufa a gidan nan sai an ji.

Da ƙarau da tsakiya ya ci da gidansa shekara da shekaru. Ranar kasuwar Jega matan Fulani kan kewaye tabarmarsa, suna gwadawa suna taya juna zaɓe. Sai na roba suka shigo, masu araha, masu launi kamar alewa, ko an taka ba sa fashewa. Labbo ya yi fushi, fushi na gaske, ya ce wannan ba ado ba ne, shara ce aka lanƙwasa. Fushin bai hana matan komawa can ba.

To, daga nan ne ya fara abin da aka fi saninsa da shi. Wata rana yana juya narkakkiyar kwalba a kan sanda, ba mai saye, sai ya ja mata wuya, ya matse mata gindi, ya tsaga mata layi-layi da bakin wuƙa, sai ga albasa. Ya yi barkono, ya yi ludayi, ya yi 'yar ƙwarya har da zanenta. Abu mai rai ne kawai ba ya yi, ko an roƙe shi, yakan ce shi bai iya hura numfashi ba, don haka ba ya fara abin da ba zai iya ƙarasawa ba. An ce wani dillalin albasa na Aliero ya ɗauki ɗaya a tabarmarsa ya sa farce zai ɓare, aka yi ta yi masa dariya har ya bar kasuwar. Da aka yi sabuwar jiha, ma'aikata suka riƙa tsayawa a mota suna saye, suna kai wa ofis. Ya ji daɗi, har ranar da ya ji cewa takardu suke dannewa da su kada fanka ta kwashe. Ya yi tsaki, ya ce Allah ya shirye su.

Aikin nan da ido ake yin sa. Kwalba ba ta faɗa maka ta nuna, launinta kake dubawa a cikin wuta. Ka ciro da wuri ta ƙi lanƙwasuwa, ka bar ta ta wuce ta zube maka kamar koko. In an gama kuma sai a binne abin cikin toka mai zafi ya huce a hankali har washegari, don in iska ta buge shi da zafinsa tsagewa zai yi. Wutar da ya yi ta leƙawa tun yana saurayi ita ce ta zo karɓar hakkinta. Yanar ido ta fara rufe masa gani. Likita a Birnin Kebbi ya ce ya bar wuta in yana son ragowar ganinsa. Labbo ya dawo bai gaya wa kowa ba sai amininsa Kalilu maƙeri, wanda ke yi masa zuga. Ya rage aiki, ya ce wa mutane kwalba ce ta yi wuyar samu. A cikin gida kuwa ba ya tuntuɓe, ba ya lalube. In ya ji ƙwal wajen randa ya san Yalwa na can, sai ya juya fuska wajen ya yi mata magana kamar yana kallonta. Yana tsammanin ya ɓoye mata. Allah sarki, matar da ta haifa maka 'ya'ya har ta aurar da su!

Ana cikin haka, wata damina, Yalwa ta zame a bakin kwata da tulu a kai, ta dafa ƙasa da hannun ƙarau. Tsintsiyar hannun ta karye. Aka sa ta a a-kori-kura sai Aliero, wajen Mu'azu mai ɗori. Kafin su isa hannu ya kumbura, ƙarau ya nutse cikin nama. Mu'azu ya duba, ya ce ba ya iya ja, ba ya iya jera kara, sai an fasa wannan abu, kuma yanzu. Ya aika a kawo dutse.

Labbo ya ce a bar dutse. Ya tsuguna, ya zaro ɗan zarto daga aljihu, ya lalubi ƙarau ɗin da yatsa, ya tura guntun fata tsakaninsa da jikinta. Ya karce nan, ya karce can. Yalwa tana cije da bakin mayafi, zufa na zuba, amma da ta gane abin da zai yi sai ta saki mayafin.

"Malam, kada ka yar da ko ƙwara ɗaya," ta ce.

Ya ƙwanƙwasa da bayan zarton, ƙarau ya rabu, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ya tattara gutsattsarin a cikin hularsa, ya dawo Jega da kai ba hula.

Ɗori ya kama, alhamdu lillahi, ko da yake hannun ya ɗan karkace, kuma ba ya lanƙwasuwa kamar da. Amma gida ya yi wa Labbo shiru. Yalwa mace ce marar nauyin ƙafa, tana wucewa ba a ji. Sai ya riƙa yi wa ɗaki magana tana tsakar gida. Wata safiya ya ɗaga murya ya ƙwala mata kira, alhali tana tsaye kusa da shi da kwanon koko, har tururin na taɓa masa fuska. Ta ajiye kwanon a gabansa. Shi kuwa ya ji kunya, ya kuma ji tsoro, irin tsoron da bai ji ba ko a gaban likita. Rashin ganin wuta ya iya haƙuri da shi. Rashin sanin inda matarsa take a cikin gidansa ne ya gagare shi.

Ya ce wa Kalilu a hura wuta, zai sake yin ƙarau ɗin. Kalilu ya tuna masa da maganar likita, Labbo ya ce likitan ya zo ya zauna a gidan ya ji. Sun nemi irin kwalbar har Maiyama, wajen masu sayar da magani, aka ce ai maganin ya daɗe da komawa roba. Haɗa ta da wata kwalba kuwa ba ya yiwuwa, don kwalabe iri biyu ba sa hucewa tare, ɗaya sai ta tsaga ɗaya. Abin da ke cikin hular nan shi ke nan.

Ya auna hannun Yalwa da zaren kaba, wai yana duba ɗori. Ya narkar, ya naɗe a kan sanda, ya buɗa. Amma wutar duk ta zama masa fari ɗaya, bai ga lokacin ba, ya yi aikin kwalba ba ta gama nuna ba. Washegari da ya tona toka, ƙarau ya tsage, abu biyu ya ciro. Kuma kowace narkarwa tana cin nata, wani ya manne a sanda, wani ya ɗiga cikin gawayi. Ya auna ragowar a tafin hannu, ya san saura gwaji ɗaya, in wannan ya ɓaci ko zobe ba zai fita ba. Ya zauna a rumfar aiki da gutsattsarin a hannu, ya kasa cewa a sake hura wuta.

Rumfar nan mace ba ta shiga, haka ya tarar a Bida, haka ya riƙe. Yalwa ta ɗauko kujerarta ta tsugunno, ta shigo, ta ajiye ta dab da bakin murhu. Ta gaida Kalilu, ta ce ya yi zuga. Labbo ya buɗe baki zai yi faɗa.

"Ba ka gani, Malam," ta ce. "Na daɗe da sani. Ni kau ina gani. Ka hwaɗa min abin da za ni duba."

Kalilu ya sunkuyar da kai ya kama zuga-zugi, kamar ba da shi ake ba. Gawayi ya kama. Sannan Labbo ya ce mata ta dubi kan sanda, ta riƙa faɗin abin da ya yi kama da shi, kada ta yi masa kara.

Ita dai ba ta san sunayen aikin ba, na madafa ta sani. Ta ce ya yi baƙi-baƙi. Can ta ce ya yi jan barkono. Ya ce da saura, ya ci gaba da murza sanda tsakanin tafukansa. Ta ce yanzu ya zama manja, manjan da ya fara sakin jiki a tukunya. Zafi ya sa ta kare fuska da hannun da ya warke, amma ba ta ɗauke ido ba.

"Yanzu hwa? Mi kika gani?"

"Gwaiduwar ƙwai. Yana son ɗiga."

Ya fizgo sandar. Daga nan hannu ya karɓi aikinsa, hannun bai manta komai ba. Ya zura tsinken ƙarfe, ya buɗa, ya juya, ya buɗa, tana ce masa nan ya fi kauri, can ya yi siriri, ya mayar wuta ya gyara. Ya gwada da zaren kaba, ya sauke cikin toka. Ita ta rufe da kanta, ta kifa tsohuwar tasa a kai, ta ce duk wanda ya taɓa kafin gobe da ita zai yi.

Da hantsi ya yi washegari suka tona. Ya fito ɗaya, bai tsage ba. Labbo ya zagaya shi da yatsa, ya ji ya fi na da siriri, kuma bai yi da'ira sosai ba. Ya tambaye ta launin. Yalwa ba ta iya ƙarya don daɗin rai ba, ta ce shuɗin ya yi duhu, hayaƙi ya shige shi, ga wani ɗan baƙin ɗigo a gefe. Ta ce in a kasuwa ta gan shi ba za ta taya ba. Sannan ta aika maƙwabta a samo mata kuɓewa.

Wannan shi ne aikin Labbo na ƙarshe. Bai sake kunna murhun ba, Kalilu ya kwashe gawayin, tulin kwalaben nan kuma masu saye suka zo suka auna. Albasoshinsa suna nan a wasu gidaje a Jega da Aliero, wasu ma ba su san wanda ya yi su ba. Ganin nasa ya ci gaba da ja baya har ya zama hasken ƙofa kawai yake rarrabewa. Ya yi shekaru a haka, a kan buzu, a inuwar zaure ta cikin gida.

Humaira, autarsu, ita ta lura da wani abu da ta zo wankan jego. Uwarta ta koma yin komai da hagu tun bayan karayar, da hagu take ɗiban ruwa, da hagu take tuƙi. Amma duk lokacin da za ta wuce randa, ko ba ruwa za ta ɗiba ba, sai ta miƙa karkataccen hannun nan ta taɓa bakin randar da ƙarau. In za ta shiga ɗaki ta taɓa ƙyaure. In za ta leƙa maƙwabta ta taɓa ƙofar gida, in ta dawo ta sake taɓawa. Humaira ta tambaye ta ko ba ta tsoron ya fashe, tunda babu mai yin wani.

Yalwa ta ce a hankali take bugawa. Ta ɗauki moɗa da hagu, ta taɓa randa da dama, ƙwal. Daga can zaure tsoho ya juyo da fuskarsa daidai inda take, ya ce in ta gama ta kawo masa ruwa.