Agogon Baban Hadiza Bai Kai Ga Faɗin Ruwa Ba

Da na ga Ilu bakanike tsaye a ƙofar gida, hular maigidana a hannunsa, bai yi mini tsiyar da ya saba ba, na san an gama. Ya ce, "Yaya Rabi, sai haƙuri. Hanyar Ɗan Issa." Babbar mota ce ta kaɗe maigidan nawa a kan babur. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Maigidana Baban Hadiza, wanda mutanen Madarumfa ke kira Mushe, wato malamin boko, saboda yana koyarwa a lakwal, ya je karɓo wani ɗan ƙarfe ne na auna danshin iska, da aka aiko masa daga Katsina. Shi kaɗai ya rage a agogon da yake haɗawa.

Da hannunsa ya haɗa agogon, a kan wata 'yar ordinata, wato kwamfuta, da ba ta kai tafin hannuna ba. Ya zaunar da ita cikin akwatin katako, ya sa mata gilashi. Sama lokaci, ƙasa zafin gari, gefe kuma inda zai nuna ko ana sa ran ruwa. Rubutun Faransanci ne, ya mayar da shi Hausa saboda ni, da na tsaya aji huɗu. Bara ruwan farko ya yaudare mu, kowa ya yi shuka, rana ta ƙone ta, iri ya ƙare. Abin da ya tsaya masa a rai ke nan.

Dariya aka yi masa. A bakin masallaci wani ya ce, "Mushe, tambayar mana akwatinka yaushe tashin ƙiyama." Wani ya ce gaibu yake leƙe. Ranar bai ci tuwo ba. Ya ce mini, "Ruwa na Allah ne, Rabi. Ni dai talaka ya daina zuba irinsa a banza."

Masu dariyar nan su ne suka cika gidan nan da gaisuwa. Ranar sadakar uku, ko tabarmi ba a naɗe ba, mai zancen ƙiyamar ya turo matarsa ta raɗa mini, wai me agogo ya ce, a shuka ko a jira? Har yau ban iya yafewa ba, Allah Ya ba ni iko.

Allah Ya jiƙanka, Baban Hadiza, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe kurakuranka. Ya raya Hadiza da ƙannenta, Ya ba Inna mahaifiyarka haƙurin rashinka.

Ina cikin takaba, hadari ya fara haɗowa ta gabas. Irinmu tiya biyu ne, babu wani bayansa. Ɗan ƙarfen da aka tsinto a wurin hatsarin yana cikin ledarsa, ban san inda ake jona shi ba, kuma ba mu yi shuka ba.