Ɗantala Mai Rijiya da Tafkin Surukinsa

A Gazawa, in ka sha ruwan rijiya a unguwannin gabas, da wuya in ba aikin hannun Ɗantala ka sha ba. Shekara arba'in da 'yan kai yana shiga ƙasa yana fita. Bai taɓa zaman lakol, wato makarantar boko, ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa, amma in ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu ya shinshina, zai gaya maka gaba nawa za a haƙa kafin a tarar da ruwa. Da siminti ya yawaita sai ya koyi gini, yana zuba wa rijiyoyi bangon kankare, yana gina wa Fulanin kewaye kwamin shayar da shanu. Ba shi da kanti, ba shi da garke. Abu guda yake taƙama da shi a duniya: ba a taɓa cewa aikin Ɗantala ya rufta ko ya yi yoyo ba.

Sai Allah ya haɗa shi da suruki mai hali. Alhaji Lurwanu, mai safarar aya da wake, shi ya auri ɗiyarsa Saliha. Mutumin kirki ne, kada a ci haƙƙinsa, kuma kunya gare shi har ta yi yawa. In ya hango Ɗantala tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya zuba wa ƙasa ido. Shi ma tsohon sai ya kau da kai gefe ya amsa. Shekara goma sha biyar ke nan, maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa da tambayar gajiya ba. Duk gari ana yaba wannan surukuta.

Wata tafiya Alhaji ya sauka a wani otal a Lome, ya ga tafkin wanka na siminti mai ruwa garai-garai, wanda ake ce wa fisin. Ya dawo da shi a rai, ya ce sai an yi wa 'ya'yansa irinsa a bayan sabon gidansa, su huta da zafin bazara. To, a nan aka shiga tarko. Alhaji ba ya iya ɗauko magini daga waje alhali surukinsa magini ne, za a ce ya raina shi. Ɗantala kuwa, da aka aiko masa goro da takarda mai zanen tafkin, ba ya iya cewa a'a, za a ce ya ƙi mijin ɗiyarsa. Kowa ya kyautata wa kowa, babu mai mafita.

Ranar da Ɗantala ya je duba filin, nan take ya ga matsala. Ya san wurin nan sarai. Tsohon kududdufi ne, shi da kansa ya haƙi ƙasar tubali a ciki yana saurayi. Shara da toka ne suka cike shi cikin shekara talatin, aka baje yashi a kai aka sayar. Can ƙasa kuwa laka ce mai riƙe ruwa kamar kwano. Da rani ƙayau yake, da damina ƙasar takan sha ta ƙoshi, ruwa ya taso har kusa da sama.

Ya koma gida ya ce wa matarsa Dija, "Ki tai ki gaya ma ɗiyarki, ta gaya ma mai gidanta wurin nan bai yi ba. Ruwa na kwance ƙarƙashi. In ramin ya zauna wayam da damana, ruwan ƙasa shina ɗaga ginin shi tsaga shi biyu."

Dija ta je ta ce wa Saliha babanta ya ce wurin yana da ɗan damshi, a yi hattara. Saliha ta jira Alhaji ya ci abinci ya huta, sannan ta ce Baba ya ce wurin akwai albarkar ruwa. Alhaji ya ji daɗi ƙwarai, ya aiko wa tsohon da shadda. Ɗantala ya riƙe shaddar nan a hannu, bai san ko dariya zai yi ko kuka ba.

Haka ya fara aiki, ransa a ƙuntace. Ya kafa turaku huɗu, ya ja igiya, ya zuba toka a kan layi. Leburori suka yi sati uku suna haƙa, gefe ɗaya iya ƙugu don yara, ya gangara har ɗaya gefen ya shanye mutum a tsaye. Tsoffin takalman roba da fasassun tukwane suka yi ta fitowa, yana sa a kwashe su da sauri kafin wani ya gani. Ya sa aka daɓe gindin ramin, aka shimfiɗa tsakuwa mai kauri, ya ɗaure rodi a gicciye tun daga ƙasa har bango, bai bar tazarar da ta wuce taƙi ba. Ya binne tiyon da zai kai ruwa injin tacewa da wanda zai dawo da shi, kamar yadda zanen ya nuna. Aka kafa allunan katako, aka zuba kankare rana guda ba tsayawa, don kada a samu gaɓa. Sati biyu yana yayyafa wa ginin ruwa safe da yamma, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, sannan ya yi shafe sau biyu. Wallahi ko a Maraɗi ba za a fi haka ba.

Amma ya ƙara abu guda wanda ba ya cikin zane. Mai rijiya ya san ba a kokawa da ruwan ƙasa, hanya ake ba shi. A can wuri mai zurfi ya bar guntun tiyo mai kaurin damtse, ya ratsa kankaren ya sauka cikin tsakuwa, ya sassaƙa masa toshi na icce. Lissafinsa shi ne in tafkin ya cika, nauyin ruwan zai danne ginin, toshin yana nan. In kuwa damina ta same shi wayam, sai a zare toshin, ruwan ƙasa ya shigo ciki maimakon ya tunkuɗe ginin.

Abin da yake tsoro shi ya faru. Alhaji ya tafi Lome sayen tayil da inji, ya bar wa mai gadinsa umurni kada ɗigon ruwa ya kwana a ciki sai an manna tayil. Kaya suka maƙale a hanya, damina ta sauka da ƙarfi. Bayan ruwa na biyar Ɗantala ya sauka ramin da hantsi, ya taka daɓen da ƙafa tsirara, ya ji sanyin da ya sani. Ruwan ƙasa ya taso. In ya bar toshin, ginin zai tsage, a ce aikinsa ya rufta. In ya zare, ruwa zai ɓulɓulo daga ƙasa, a ce aikinsa ya yi yoyo. Ya tuna jikokinsa da suke leƙowa kullum suna tambaya yaushe za a gama. Ya duƙa ya zare.

Mai gadi ya yi ta kwarfe ruwa da bokiti, ya wayi gari ya tarar ya dawo iya gwiwa ko ba a yi ruwan sama ba, ja-ja-jir, har kwaɗi sun tare. Ɗantala ya yi masa bayani sau biyu, mai gadin ya ce to, ya tafi teburin mai shayi ya ba da labari yadda ya fi daɗi. Kafin Juma'a duk Gazawa ta ji ginin Ɗantala na yoyo tun ba a zuba masa ruwa ba. Wasu Fulani da suka yi alkawarin zai gina masu kwami bayan kaka suka aiko cewa sun ɗaga aikin. Abin ya ci masa rai, har tuwo ya daina wucewa.

Da Alhaji ya dawo ya ga tafkin, bai tunkari tsohon ba, don yaya za a yi ya tuhumi suruki? A asirce ya ɗauko wani magini daga Maraɗi, Aminullahi, ya manna tayil ya kuma toshe ɓular. Ɗantala ya ji, ya zo ya tarar da shi cikin ramin. Wannan dai ba suruki ba ne, sai bakinsa ya buɗe, ya zayyana masa komai.

Aminullahi ya zura hannu cikin tiyon, ya dubi bangon da ko tsagin gashi babu, ya ce, "Baba, kai ka ceci ginin nan. Ba don ɓular nan ba da yanzu ya dare. Amma ni toshewa aka kira ni in yi, kuma in na ce a bari, cewa za a yi ina kare ɗan'uwana magini. Ga mai gidan can tahe, gaya mashi da bakinka."

Ɗantala ya hau tsani ya fito. Alhaji ya hango shi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen yashi.

"Baba, ina wuni? Sannu da aiki, Allah shi saka da alheri."

Maganar tana nan a bakin tsohon, ya jera ta tun daga gida. Kalma goma ta isa ta mayar masa da sunansa, ta kuma tsare ginin ranar da za a kwashe ruwan don wanki da damina. Amma faɗinta daidai yake da ce wa mijin ɗiyarsa, a gaban leburori, juji ka saya, kuma ba ka san abin da kake yi ba. Ya dubi ƙeyar mutumin nan da ya shekara goma sha biyar yana durƙusa masa.

Ya kau da kai gefe, ya ce, "Lahiya lau. Ina gajiyar hanya?"

Daga cikin ramin ya jiwo ƙarar cokalin ginin Aminullahi yana kwasar simintin toshe ɓular. Ya ɗauki sandarsa ya nufi gida ta bayan gari, don kada ya bi ta gaban mai shayi.