Adakar da ke ƙarƙashin gadon Kaka

Ina aji huɗu na sakandare a Bodinga malamin Turanci ya ara mini wani littafi mai kaurin bulo. Labarin wasu masu sarautar Ingila ne na da, waɗanda arziki ya gudu ya bar su da suna. Gidansu ɗaki ɗari, kowanne yana yoyo. Tsohuwar gidan tana sayar da cokulan azurfa a ɓoye, ta bar akwatin a kulle don kada 'ya'yanta su sani.

Da hutu na tafi da shi Shagari wurin kakata. Muna yanke ganyen albasa da hantsi ina fassara mata, ina ƙara gishiri. Da na zo kan cokulan sai ta ce, "Mijin banza, rufe abin nan. Turawa ba su da kunya."

Mu ma gidanmu ya taɓa riƙe sarautar wani ƙauye. Abin da ya rage sai zaure, da wata adaka a ƙarƙashin gadon Kaka. Kowa ya san alkyabbar kakan babana da mundayen azurfa suna ciki, amma ban san wanda ya taɓa ganinsu ba.

Ranar da ta tafi barka na ciro mabuɗin adakar daga cikin kwandon goro. Tsofaffin buhuna na tarar, da dutsen niƙa. Ina tsugune ta shigo.

"Mi ka gani?"

"Dutse, amaryata."

"Shekarar da albasa ta ruɓe, da mi kake zaton anka ciyar da baƙin zaure? Ko ubanka bai sani ba." Ta zauna bakin gado. "Ga shi wanda ya sani bakinai ya fi rediyo."

Bayan kwana biyu ƙanin babana ya zo aron alkyabbar, ɗansa zai yi aure. Kaka ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

Na ce, "Baffa, shekaranjiya na ga cikin adakar. Wannan alkyabba ta girmi Bodinga. In ango ya yi atishawa cikinta, sai dai a tattara ta da tsintsiya."

Ya harare ni, ya dubi Kaka. Ba ta ɗago ba. Ya ce to, a bar ta ta huta, zai nema a Sifawa.

Da ya fita ta ce, "Allah shi shirye ka, maƙaryaci." Ta miƙo mini mabuɗin ta ce in mayar inda na ɗauko.