Zuwan mahaifiyata gida babu 'yan tarba

Shekarun baya, lokacin da rediyo ba ta da zance sai na jiragen yaƙi da ke ruwan bama-bamai a kan mutanen daji can arewa, mahaifiyata ta tashi wata safiya ta ce za ta gida. A unguwar Nima ta haife mu, nesa da ƙasarta, a nan ta tsufa tana sayar da koko da ƙosai, amma gida a bakinta wani ƙauye ne a ƙasar Nijar, kusa da iyaka. Yayarta ce ke kwance a can ba lafiya, kuma su biyu suka rage a ɗakinsu. Ƙauyen kuwa yana yankin da masu bindigar nan, masu cewa jihadi suke yi, suka daɗe suna shige da fice.

Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, don haka ni zan ce a tafi ko kada a tafi. Ni kuma mutum ne da idan na rufe shagon ɗinkina, sai na dawo daga bakin titi na sake jan kwaɗon. Irina aka ɗora wa wannan hukunci.

Na fara kai maganar bencin da muke shan shayi bayan la'asar. Abokina mai gyaran waya bai bari na gama ba.

"Chale, abokina, tsoronka ya yi yawa! Jirgi fa ake magana. Daga sama yana ganin har zaren hularka. An gama da su. Bar Mma shi tafi."

Maƙwabcinmu, wani tsohon soja, ya ajiye kofinsa. "Jirgin yana kwana a ƙauyen? Ya jefa, ya koma ya ci abincinsa. Gobe da safe wa zai tsaya a bakin rijiya?"

"Baba soja, ku zamaninku ko waya babu," in ji abokina.

"Babu waya, amma akwai ƙafa. Gari da ƙafa ake riƙe shi, ɗan nan."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Idan abokina ya yi magana sai in ji gaskiyarsa ce, idan tsohon ya amsa sai in koma wajensa. Duk wanda ya yi magana a ƙarshe, shi nake bi.

Na ce bari in tambayi wanda ya taka hanyar. Na shiga trotro, motar hayarmu, zuwa kasuwar albasa, na sami wani direba ɗan Nijar da ke bi ta kusa da ƙauyen.

"An kashe su, wallahi," in ji shi. "Da idona na ga motocinsu a ƙone."

Na yi hamdala. "To hanya ta yi kyau ke nan?"

"Hanya? Wannan zuwan ma sun tsayar da ni, suna duba ko wandona ya sauka ƙasan idon sawu."

"Su wa?"

"Su mana."

"Waɗanda aka kashe?"

"Malam, abin da na gani ka tambaye ni, shi na faɗa maka."

Na dawo gida kaina ya fi na da nauyi. Na tarar mahaifiyata tana ninke zannuwan tsaraba, tana ba ƙannena labarin tarba. A garinsu, idan ɗiyar gari ta daɗe a waje ta dawo, samari ne ke fita da babura har bakin babban titi. Su sa ta a tsakiya, su jero suna oda, mata na guɗa, a yanka rago. Tun muna yara take ba mu wannan labarin, kuma ita ba a taɓa yi mata ba.

Sai ɗan yayarta ya turo saƙon murya. Ya ce idan za ta zo, kada kowa ya san ranar, kuma babu tarba. Babura a jere, mai jirgin sama ba ya sanin 'yan tarba ne, don mutanen daji ma haka suke tafiya. Idan kuma aka yi guɗa da kiɗa, mutanen dajin ne za su zo jin wanda ya ba da izini. Na saurari saƙon har wayata ta ɗau zafi, ina neman inda zai ce wanne ya fi tsoro. Bai ce ba.

Na je na durƙusa na ce, "Mma, a haƙura."

Ba ta kiran sunana, ni ɗan fari ne. "Kai wannan, labarin jirgi na tambaye ka? Yayata nake so in tarar da ranta."

"Ba za a tarbe ki ba fa, Mma. Ko babur ɗaya."

Maganar bam ba ta girgiza ta ba, wannan ce ta taɓa ta. Ta daɗe tana shafa zanin da ke cinyarta, sannan ta ce, "To a kai ni kamar buhun albasa."

Har yau ban san ko na amince ba. Na dai ga kaina ina ɗora jakarta a motar direban nan, ina maimaita masa abin da na riga na faɗa masa, har ya ce in bar shi ya tuƙa.

A amalanken jaki ta shiga garinsu, ita da mai jakin kawai. Ta tarar da yayarta da rai, ta yi jinyarta 'yan makonni, ta dawo mana lafiya. Ko ruwa ba ta gama sha ba na tambaye ta, "Mma, jiragen sun gama da su?"

"Na ji jirgi ya wuce, kowa ya shige ɗaki. Mutanen kuma ban gan su ba ko sau ɗaya. Amma ba mai kunna rediyo, ba mai zama a ƙofar gida, makaranta a rufe."

"To suna nan ko ba sa nan?"

"Ni ma na tambaya. Aka ce in rage murya."

Bayan 'yan watanni yayar ta rasu. A can ba a iya taron sadaka ba, sai muka yi a nan Nima, muka kafa rumfa a layinmu, mutane suka cika har daga unguwannin Maamobi da Kanda. Ana cikin addu'a wani jirgin fasinja ya taso daga filin jirgi ya bi ta kanmu, kamar yadda suke yi kullum. Mahaifiyata ta miƙe tsaye a tsakiyar mata tana kaɗa hannu: "Ku rarrabu! Ku rarrabu!" Wasu suka yi dariya, suna tsammanin tsufa ne. Sai da ƙanwata ta riƙe ta ta zauna.

Har yanzu ana wannan gardamar a bencinmu, an canja sunan ƙasa ne kawai. Idan aka ce, "Tela, kai da tsohuwarka ta je ta gani, me ka ce?" sai in ci gaba da shan shayina. Ban yi karatu mai zurfi ba, ban san yadda ake auna cin yaƙi ba. Wataƙila da babu jiragen, da ba ta sami hanyar shiga ba sam. Wataƙila kuma da su kaɗai ba za a taɓa buɗe makarantar nan ba. Dukansu biyu ina jin su gaskiya ne, kuma sun ƙi zama wuri ɗaya a kaina. Abin da na tabbatar kawai, mahaifiyata ta rayu shekaru bayan haka, jikokinta suna roƙonta labarin garinsu, tana ba su na rijiya da na gona. Na tarba ba ta ƙara bayarwa ba.