Damon da Baffa Ya Yanka

Jiya maƙwabciyata a nan unguwar Gumbihini ta ɗora tukunyar man kaɗe, ƙaurin ya tsallako katanga ya same ni a kan tabarma, sai ga hawaye. Tun da na fita takaba hawayena ba su da wuyar zuba, amma waɗannan ba na maigidana ba ne, Allah ya jiƙansa. Na wata tsohuwa ne. Ni ban san ko bihim ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka kai mai karatu ka yi haƙuri da ni.

Gidan mahaifina a zangon Tamale gidan haya ne, kowane ɗaki da yarensa. Akwai wani ticha Ba'ashante mai zuwa coci, amma ba ya kai abin sha bakinsa sai ya ɗiga wa kakanninsa a ƙasa. Akwai Dagomba mata da miji, suna salla, amma in ruwan sama ya yi jinkiri da su ake kai kaza wurin tindana, wato mai kula da ƙasa. Mu Hausawa kuma ga layu, ga rubutun sha. Mahaifina mai fataucin goro ne, yakan ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, ba ya leƙa ɗakin kowa.

A ɗakin ƙarshe, kusa da tarin itace, akwai wata tsohuwa mutumiyar ƙasar Farafara can wajen Bolga, mai yin man kaɗe. Uwata ta rasu ina goye, wannan tsohuwa ce ta ɗaura ni a bayanta ba tare da an roƙe ta ba. Kaka nake ce mata. Ƙwarya ɗaya muke cin tuwo, kullum ta turo mini gefen da miya ta fi yawa. Da damina takan tafi da ni tsintar kaɗanya wajen Jisonayili, lokacin duk daji ne da gonaki, mu dawo ƙafafunmu jiƙe da raɓa.

A cikin tarin itacen nan wani damo yake zaune, babba, mai tsagaggen wutsiya. Kaka takan ajiye masa ruwa a kasko ta gaishe shi da yarensu. Ta ce mini kakansu na farko ya taɓa ɓata a daji, ƙishirwa za ta kashe shi, damo ya ja shi har bakin ruwa. Tun daga ranar jininsu ba ya kashe damo, ba ya cinsa, in sun tarar da gawarsa sukan binne ta kamar ta mutum. "Ubanmu ne," in ji ta. Duk gidan an san haka. Mu Hausawa muna cin damo, amma wannan ko dutse yara ba sa jifansa da shi.

Sai shekarar da Bature ya sauke tutarsa. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda jiya jiya yake ɗaura kaya a tashar lori, ya samu rigar jam'iyya da usur, ya zama mai koya wa mutane wayewa. Wayewar tasa ba ta hana shi ɗaura layu bakwai a damtse ba, ba ta kuma hana shi sulalewa unguwar Nyanshegu wurin mai duba da tsakuwa don ya ji ko za a ba shi muƙami ba. Nasa tsari ne, na wasu canfi. Ban taɓa ganin tulu fanko mai ƙara irinsa ba.

Ranar da ake shagalin samun 'yanci, rana na dukan ƙwaƙwalwa, mahaifina yana Kumasi, Kaka tana kasuwa. Baffa ya shigo da abokansa suna neman abin taɓawa. Ya rushe itacen, ya danne damon, ya yanka. Matar Badagomben ta fito tana cewa, "Kai, Baffan yara, bari! Na tsohuwa ne!" Ya ce, "Ƙasa ta waye, Iya. Yau har kakannin arna sun samu 'yanci, za su shiga tukunya."

Suka gasa, suka barbaɗa yaji. Ya miƙo mini tsoka. Shekaruna takwas, na daɗe ban ga nama ba. Zan iya ce maka ban san naman mene ne ba, amma na tsufa da ƙarya. Na sani. Na ci, ya kuma yi mini daɗi.

Da la'asar Kaka ta dawo ta ga fatar an kafe ta a rana, Baffa yana so ya sayar wa masu kiɗan goge. Ba ta yi ihu ba. Ta sauke kayanta, ta cire fatar, ta bi ƙasa tana tsince ƙasusuwa, ta yagi farin ƙyalle ta naɗe su, ta haƙa rami a bayan gida da hannunta. Baffa yana jingine yana sakace. "Tsohuwa, in kira liman ne?" Abokansa suka fashe da dariya.

Da ta kwashe tuwo na zo na zauna kamar kullum. Ta kama hannuna ta shinshina. Hausarta ta kasuwa ce. Ta ce, "Yarinya, kai ma ka ci?" Na sunkuyar da kai. Ta tashi ta ɗauko wata ƙwarya daban ta zuba mini, ta juya mini baya tana ci tana kuka.

A dokarsu, wanda ya ci ubansu ba ya haɗa hannu da su a abinci sai an wanke shi. Wankin ba wuya. Wanda ya yi kisan ya kawo kaza da hannunsa, ya tsaya bakin ramin ya ce ya yi kuskure, sannan ita ta wanke mini baki da ruwan ganye. Ticha ya ce zai sayi kazar. Kaka ta ce ba shi ya yanka ba. Mahaifina ya dawo ya sa Baffa a ɗaki ya roƙe shi, Baffa ya ce shi Musulmi ne, ba zai yi shirka ba. Mutumin da sai an tashe shi da ƙafa yake sallar asuba! Ya kai maganar majalisar ƙofar masallaci, aka fara cewa gidan mai goro ana tsafi. Mahaifina ya ji tsoron bakin zango, ya yi shiru. Allah ya gafarta masa, ni dai wannan shirun bai taɓa barin raina ba.

Kaka ta jira har ruwa ya sauka, har kaɗanya ta fara zuba. Kullum takan dafa ta zuba mini nawa daban. Tana yi mini kitso, tana yi mini wanka, amma hannuna bai sake shiga ƙwaryarta ba. Ta rame. Ta ce gidan da aka zubar da jinin ubanta ba a ba da haƙuri ba, ƙasarsa ba za ta riƙe ta ba. Wata safiya ta ɗaure tukwanenta ta shiga lorin Bolga. Na riƙe zanenta ina ihu, ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Baffa kuwa muƙamin bai samu ba, ya ƙare a tashar da ya fito.

Yanzu jikokinsa ne suke ɗaukar Turawa a mota zuwa Paga, su sayi kaji su jefa wa kadan da mutanen garin suke girmamawa kamar kakanninsu, a ɗauki hoto ana washe baki. Suna ce masa al'adun gargajiya, har da riga mai zane. Abin da kakansu ya tofa wa yawu, da shi suke cin abinci.

Ni ban san garin da Kaka ta sauka ba, ban san inda aka binne ta ba. Wani malami a rediyo ya ce ba a yi wa irinsu addu'a. Bayan kowace salla nakan ambaci maigidana, in ambaci uwata da ban sani ba, sannan in ambace ta. In laifi ne, na ɗauka.