Wai Sun Yafe Miki, Bara'atu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Agusta, 2024, da hantsi ina gona a Darini aka kira ni a waya, aka ce Hajiya Bara'atu Mani ta rasu a asibiti a Katsina, hawan jini ya kayar da ita. 'Yar Safana ce, jami'ar binciken zamba. Na ajiye fartanya na zauna a kan kunya.

Yaya Bara'atu, an ce mini ta'aziyya ba wurin faɗa ba ne. To, a yi haƙuri da ni.

Daminar bara mutanen Darini da Zakka muka sayi taki wurin Alhaji Armaya'u a Batsari. Kin san yadda ake noma a nan yanzu, hannu a fartanya, ido a daji. Da ranmu muka zuba takin nan. Masara ta kai gwiwa ta tsaya, ta yi rawaya. Ashe yashi ne da farar ƙasa.

Muka kai ƙara. Jami'ai maza suka zo suka duba shago, buhuna lafiya lau. Ina za su gani? A cikin gida ake haɗin, inda namiji ba ya wuce zaure. Ke kika gane haka. Kika sa tsohon hijabi da silifas, kika hau bayan akori-kura cikin mata, kika yi sallama gidan kina tambayar daddawa. Aka shimfiɗa miki tabarma. Ga rariya ana tankaɗe yashi, ga keken ɗinke buhu. Ranar kame kuma kika tare ƙofa kika ce, "Matan nan aikatau suke yi, kada wanda ya taɓa su."

Ban manta tsakiyar kasuwa ba, da kika juye tiya guda a bokitin ruwa. Ɗan takin ya narke, yashi ya kwanta. Kika ce, "Alhaji, wannan ai masu bulo ya kamata ka kai wa."

Me aka saka miki da shi? Aka ce mai tonon asiri ce, ba ta da kunya. Aka tura dattawa wurin mijinki wai ya ja miki kunne. Har cikin waɗanda kika tsaya wa akwai masu kauda kai in kin gaishe su.

Sai ga ranar addu'ar uku. Alhaji Armaya'u, da yake a kan beli, ya zo da babbar riga da buhun shinkafa, aka matsa masa a tabarmar gaba. Ya shafa addu'a, ya ɗaga murya: "Mu dai mun yafe mata, duniya da lahira." Jama'a suka ce madalla. Madalla! Ɓarawo ya yafe wa wadda ta kama shi, waɗanda ya sa suka kwana da yunwa suna yi masa godiya. Aka dafa shinkafar kuwa, aka cinye.

Ba a tashi daga tabarmar ba aka fara cewa tunda mai maganar ta tafi, a bar wa Allah. Shari'a na nan watan gobe, kuma in babu shaida Alhaji ya fita, ya koma rariyarsa. Shaidu sun zame ɗaya bayan ɗaya. Kawu Sahabi ya ja ni gefe ya ce, "Hashimu, a garin nan fa za ka nemi aure."

Na ce, "Kawu, in yashi za mu ci da amaryar, na fasa."

Na ji an miƙa aikin ga abokiyar aikinki, Malama Sadiqa. Malama, ba ki san ni ba, amma za ki gan ni a kotu, ko da ni kaɗai ne.

Allah Ya jiƙanki, Yaya Bara'atu, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Ina yi wa Inna Tasalla ta'aziyyar 'yarta, da mijinki Malam Zainulabidin da bai taɓa hana ki aiki ba, da 'yarku Ramlat. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari. Kurakuranki Allah Ya gafarta. Alhaji kuwa ya riƙe yafiyarsa, ni ban yafe masa ba.