Gadin jan ƙyalle

A shekarata ta biyu a jami'a a Greensboro ta Amurka na samu aikin gadi a gidan ajiye zane-zane na makaranta. Aikin bai wuce in hana mutane taɓa abin da aka rataye ba. Aka ba ni ɗakin wani Bature mai zane da ya mutu tun a ƙarnin da ya wuce. Babban aikinsa wani ƙyalle ne mai faɗin ƙofar gareji, an shafe shi da jan fenti, sai baƙin layi ɗaya a gefe. Wata huɗu ina kallonsa, ban ga komai ba bayan jan da layin.

Duk Talata wata dattijuwa daga unguwar Sedgefield takan zo ta zagaya da baƙi. Muryarta har rawa take in ta zo kan tarihinsa: yadda ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu ya tare a wata tsohuwar barga a ƙauye, ya yi shekaru yana shan giya, wai yana neman launi. Mutane su yi ta gyaɗa kai kamar ana wa'azi. A unguwarmu mun san sunan da ake kiran irin wannan mutum.

Wata Talata ƙanwar mahaifiyata, wadda nake zaune a gidanta a McLeansville, ta zo ɗaukata da wuri, sai ta bi ayarin baƙin. Ana gama bayani ta ɗaga hannu ta yi tambaya da Turanci.

"Matar fa? Me ta ci da yaran?"

Dattijuwar ta ce ai ita ma mai zane ce, tare suka yi makaranta, amma ta bari ta kama aiki a masaƙa. Anti ta ce to a nuna mata nata zanen. Dattijuwar ta ce babu, don lokacin da ƙyalle ya yi wa mijin wuya, a kan nata ya riƙa shafa fentinsa.

Anti ta juyo ta dube ni sama da ƙasa, ta koma Hausa.

"Wannan kike yi wa gadi? Har da kaki?"

"Aiki ne, Anti."

"Na sani. Ɗauko jakarki, akwai cunkoso a hanya."

Washegari na roƙi shugabarmu ta mayar da ni ɗakin tsofaffin tukwane da ke ƙasa, inda kusan ba mai leƙawa. Ba ta ko tambayi dalili ba. A can na ƙarasa shekarar ina karatun jarrabawa.